Kitson da Na Tsefe a Gat

Sai da muka bar Agadas a bayanmu na gane cewa ba ni kaɗai tafintan bariki ya aika ba.

Sunana Dela, sana'ata kitso, garinmu Olelewa a ƙasar Damargu. Lokacin wannan tafiya furfura ta riga ta ci rabin kaina, kuma ban taɓa zuwa inda ya wuce kasuwar Damagaram ba. Ɗiyata ta fari ce ta fitar da ni. Ba na kiran sunanta, haka muka tarar ana yi da ɗan fari. Mai son ji zai ji a bakin wasu. Mijinta Agali ne, cikin Abzinawan da ke kiwo wajen Belbeji, jagoran ayari wanda ya san rijiyoyin arewa kamar yadda na san kawunan matan unguwarmu. Da aka yi faɗa da Nasara a Abzin aka ci su, ya bi waɗanda suka gudu zuwa Gat, ya tafi da ita. Shekaru suka wuce ba labari. Sai wani falke ya kawo mini saƙon baki: 'ya'yanta biyu sun rasu, saura yarinya ɗaya, abinci ya yi wuya, kuma wasu Nasaran da ake kira Taliyan suna gangarowa daga bakin teku da yaƙi. In ina da ƙafa, in zo.

Ba a wuce arewa sai da takardar hanya. Tafintan barikin Tanut ya miƙo mini ita da hannu biyu kamar mai ba da sadaka.

"Iya, kumandan ya ji tausayinki," in ji shi. "Abu ɗaya yake so. Surukin nan naki yana nuna wa 'yan hari hanya. Ki buɗe ido ki gano mana rijiyar da yake shayar da raƙumansa, da lokacin da yake saukowa. Kin dawo da magana, ki shigo da Mariyama da jikarki, ba mai taɓa ku. Kin dawo da ƙarya, kason Damagaram yana da ɗakin mata."

Na ce masa na ji. Ban ce na yarda ba, shi ma bai tambaya ba.

A Agadas aka fara cutata. Wani mai hayar raƙuma ya nuna mini taguwa fara, lafiyayyiya, ya rantse ita zan hau har Gat. Na cire mundayena na azurfa, na auren uwata, na ba shi. Ranar tashi sai ga wani tsohon raƙumi mai gyambo a doro, an lulluɓe gyambon da bargo. Mutumin kuwa an ce ya tafi ganin dangi. Salkar da ya haɗa mini da ita ma akwai huda a gindinta, an toshe da kitse. Da rana ta yi zafi kitsen ya narke. Kafin mu shiga cikin duwatsu sosai madugu ya duba raƙumin ya ce ba ya ɗaukar mutum, sai dai kaya marasa nauyi. Daga nan ƙasa na taka.

Mu biyu ne mata a ayarin. Ɗayar Tasalla ce, mace mai jiki, mai yawan dariya, wadda ba ta wuce sa'ar ɗiyata da yawa ba. Ta ce daga Tarka take, mijinta ya tafi fatauci Gat ya manta hanyar gida, za ta je ta jawo shi da gemu. Maza suna son hirarta. Tana da raƙumi mai kyau da salka biyu, kuma a kowane bariki takardarta ba ta daɗe a hannun gardi mai tsaron ƙofa. Na lura da wannan. Na kuma lura hannunta ba shi da kantar taɓarya, matan Tarka kuwa da ita ake haihuwarsu.

Amma ita ce take durƙusar da raƙuminta in rana ta take.

"Inna, hau. Ƙafafunki sun fara zagina."

"Ƙafafuna ba su san ki ba."

"To hau su huta, sai su san ni."

Nakan hau. Gajiya ba ta tambayar wa ya ba ka.

A Iferwan muka yi zango mai ɗan tsawo saboda dabbobi su ci. Wuri ne mai lambuna da rijiyoyi, amma rabin gidajen kango ne, tun faɗan ba a sake rufa su ba. Nan Tasalla ta zo ta zauna tsakanin ƙafafuna ta cire kallabi, ta ce kanta yana ƙaiƙayi, in sake mata kitso.

Ban fara tsefewa ba sai da na duba.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Wata maƙwabciyarmu, can Tarka."

"A Tarka da man shanu ake kitso. Bakin wannan da zaren kakin soji aka ɗaure shi. Wadda ta yi kuma bahaguwa ce, tsagarta duk ta kwanta hagu. Na san ta. A bayan barikin Damagaram take zaune, matan soji take yi wa."

Wuyanta ya sandare a hannuna. Can sai ta yi dariya.

"Inna, ke mayya ce?"

"Makitsiya ce."

"To in kin isa, faɗa mini yaushe aka yi shi."

Na sa yatsa a gindin kitson na auna sabon gashin da ya tsiro, na faɗa mata. Ta ce haka ne. Ta ce to da ta tsefe tun a hanya fa, ai da ban gane ba. Na ce da na gane. Gashin da aka tsefe yakan riƙe lanƙwasarsa kwanaki, layin tsaga kuma yana nan fari a fatar kai, sai ya daɗe kafin gashi ya rufe shi. Na buɗe mata nawa na nuna mata. Na yi haka ne don ta san an gan ta, kada ta ci gaba da ba ni labarin miji mai gemu.

Na gama gefe ɗaya. Sannan ta ce, murya ƙasa, "Ɗana guda ne, Inna. Sun ɗebe shi aikin soja. Tafinta ya ce in na raka ki na ga abin da kika gani, na dawo na faɗa, za a sako shi. Bai yarda da bakin suruka ba."

"Yana da hankali."

"Ba ki ji haushi ba?"

"Juya kanki."

Na yi mata shuku. Na ja gashin fiye da yadda ya kamata.

Bayan Iferwan duwatsu suka ƙare, ƙasa ta miƙe babu itace, babu tsuntsu. Ba zan iya faɗin tsawonta ba, na daina lissafi. Abin da na riƙe shi ne da safe nakan tsaya ina sauraro, ban san abin da nake jira ba. Sai daga baya na gane lugude nake jira. Tunda aka haife ni gari bai taɓa waye mini ba tare da ƙarar turmi ba. A can ba abin da ake ji sai kukan raƙuma in ana ɗora musu kaya.

Takalmana suka tsinke, tafin ƙafata ya tsage. Akwai wani tsoho mai jan raƙuman madugu, ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, ni ma ba na jin nasu sai gaisuwa. Wata rana ya zo ya tsuguna gabana bai dube ni ba, ya shafa wa ƙafafuna kitse, ya naɗe su da tsumman bargo, ya ɗaure da igiyar gashin raƙumi. Ya ba ni ƙwallon dabino ya nuna mini in riƙe a baki. Ya tashi. Har muka rabu ban san sunansa ba.

Rijiyar Azawa muka tarar wani abu ya faɗa ciki ya mutu. Muka tace da bakin zane muka sha. Mutum biyu suka kwanta da ciki, ɗaya bai tashi ba. Aka tara masa duwatsu, aka yi salla, aka ɗora kaya. Ni da Tasalla salka ɗaya muka koma sha, tata.

Janat barikin Faransa ne na ƙarshe kafin Gat. Wani lajidan, babban sojan wurin, Banasare ja, fatar hancinsa tana saɓulewa, ya duba takardunmu. Ni ya sallame ni nan take, Tasalla aka shiga da ita ciki. Na zauna gindin dabino ina jira.

Wata tsohuwa mai ban ruwa a lambu ta ji ina yi wa raƙumina faɗa da Hausa. Ta ajiye guga ta zo ta tsaya kaina.

"Ke 'yar ina ce?"

"Damargu."

Ta zauna ƙasa kamar an sare ta. Ta ce ita 'yar Falanko ce, tana ƙarama mahara suka ɗauke ta a bakin gona, an sayar da ita sau uku. Hausarta ta yi tsatsa, tana laluben kalmomi. Ta jera mini sunayen mutane tana tambaya ko suna nan. Ban san ko ɗaya ba, na kuma faɗa mata haka. Ta tafi ta dawo da gero cikin ƙullin zane, wanda take shukawa a kusurwar lambun ubangijinta. Ta ce ba ta son komai sai in yi mata doka irin ta gida. Gashin bai fi a kama da yatsu uku ba. Na yi mata. Ba madubi, sai ta dinga shafawa da hannu tana bin layin. Geron nan na dama fura da shi, babu nono, babu yaji. Ban sha abin da ya kai shi ba a duk tafiyar.

Sauron lambunan Janat ya ba Tasalla zazzaɓi. Da muka isa Gat ba ta iya tsayuwa, a zangon fatake bayan ganuwa na shimfiɗe ta, na bar mata ruwa, na shiga gari ni kaɗai.

Mutanen Damargu da Abzin da suka gudo suna da unguwarsu a gefen gari, bukkokin kaba da tabarmi. Ba a sha wuya ba aka nuna mini gidan. Na tarar da ɗiyata tana tankaɗen sha'ir. Ta rame har na ga ƙashin wuyanta, amma idonta da kwalli, kanta da sabon kitso ƙanana irin na matan can, an yi shi da kyau. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon gefe, yadda ya kamata. Yarinyar, Tima, ita na ɗauka na rungume, ita na yi wa duk abin da ba a yi wa 'yar fari.

Agali yana gida ranar. Da ya ji muryata ya koma bayan tabarmar da ta raba bukkar, don suruki ba ya zama ido da ido da uwar matarsa. Ta cikin tabarmar muka gaisa.

Ban ɓata lokaci ba. Na ce, "An aiko ni in sayar da kai. Rijiyarka ake so, da lokacin saukowarka. In na faɗa, gumiye, sojan raƙuman Nasara, za su kwanta maka a can. In na yi ƙarya, akwai wata da aka haɗo ni da ita, tana kwance a zango da zazzaɓi, za ta ƙaryata ni, matarka ta shiga kaso."

Ya yi ɗan dariya cikin rawani. "Iya, kin yi tafiya mai nisa don ki faɗi gaskiya." Sai ya ce, "Mai zazzaɓi a zango, ba kowa ke tashi ba."

"Wannan za ta tashi. In ba ta koma ba tafinta ba yaro ba ne. Kuma raƙuminta ne ya kawo ni."

"To me ya rage?"

"Nasara ba sa neman matacce."

Na juya na ce wa ɗiyata ta kawo kanta, zan tsefe. Na ce ta goge kwallin, ta cire zobe, ta nemo tsohon zane. Daga yau tana takaba, mijinta ya mutu wata biyu da suka wuce, an harbe shi a wani hari an binne shi a daji.

Ta dafe kanta da hannu biyu.

"Inna, takaba? Ga shi nan zaune yana jin ki."

"Na san yana ji."

"Mace ta yi wa mai rai takaba? In bakinmu ya kama shi fa?"

"Bakin bindiga ya fi kusa da shi."

"Ba zan yi ba."

"Kin binne biyu a garin nan. Ga ta ukun, dubi hannunta."

Daga bayan tabarma Agali ya ce, "Mariyama, ki yi abin da Iya ta ce. Ni ba zan iya komawa Damargu ba, ke kuma ba za ki iya zama nan ba, abin da ke zuwa ya fi wanda ya wuce. In kina so in sauwaƙe miki yanzu, gaban Iya, ki tafi da 'yancinki. Kin je gida ki yi aure, ba laifi a kanki."

"Kada ka soma," ta ce. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba sai ranar. "Za a kashe ka da baki, kuma ka sake ni a rana ɗaya? Ɗaya ya isa."

Ta zo ta zauna tsakanin ƙafafuna. Na tsefe kitson nan ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi shi ta iya, na ji nauyin ɓata shi. Ina cikin yi na ji an durƙusar da raƙumi a waje, na ji ya tashi da Agali. Ba ta juya ba, don ina riƙe da kanta. Na wanke gashin da ruwan toka, na taje, na sake wankewa, na ɗaure da tsumma. Na ba ta 'yar wuƙar da mai takaba ke riƙewa.

Saura maƙwabta. Na je wurin tsohuwar da matan unguwar ke jin maganarta, na faɗa mata abin da nake so. Ta ce, "Kada ki damu da mu, mun iya. Kowace a nan ta yi na gaskiya." Washegari da na kawo Tasalla gidan a kan jaki, mata suna shigowa bibbiyu suna yi mini gaisuwar suruki, tunda ni ce baƙuwar da ba ta ji ba. Wasu suka yi kuka sosai. Ba sai sun ƙirƙira ba, kowace tana da nata da za ta tuna.

Mai takaba ba ta tafiya sai ta cika wata huɗu da kwana goma, don haka dole muka zauna jiran abin da ya rage.

Tasalla ta fara tashi tana shan kunu. Wata safiya ina niƙa a bakin bukka, ta dubi ɗiyata tana sosa kai ta cikin tsumma, ta ce, "Mariyama, zo in duba miki. Takaba ba ta hana kashe ƙwarƙwata ba."

Kafin in buɗe baki ta zare tsumman. Ruwan toka ya kwantar da gashin, amma bai rufe tsaga ba. Daga inda nake ina hango layukan, farare, a jere, kamar kunyoyin gonar da aka share jiya. Kan da aka tsefe wata biyu ba ya haka. Ni na koya mata a Iferwan.

Yatsunta suka tsaya. Dutsen niƙana bai tsaya ba, ban bar shi ya tsaya ba. Ta bi layi ɗaya da farce tun daga goshi har ƙeya. Sannan ta kama wani abu ta murƙushe.

"Kai, garin nan," ta ce. "Ƙwarƙwatarsa ma ramammiya ce."

Ta mayar da tsumman ta ɗaure. Ba ta dube ni ba.

Haka muka zauna sauran watannin, ba ta ce ta gani ba, ban tambaye ta ba. Ina yi wa matan attajiran gari kitso suna biyana da sha'ir da dabino. Wata takan sa a auna mini da ƙoƙo mai tudu a ciki, ta ɗauka ban lura ba. Tasalla tana riƙe mini mai da tsinke. Abincinsu bai karɓe ni ba. Sha'ir ba ya zama a ciki kamar gero, kuma duk abin da suka dafa sai sun sa masa dabino.

Ana ta maganar yaƙi. Kullum sai an ga sababbin mutane sun shigo daga arewa da yara a kan jakuna, suna ba da labarin jirgin da ke tashi sama yana zubo wuta. Masu bindigar da ke riƙe da garin suka fara zargin kowa. Wata ranar kasuwa suka fito da wani mai sayar da kanwa, aka ce yana kai wa barikin Janat magana. A bakin ƙofar gari aka gama da shi, aka hana ɗauke shi har la'asar. Ni da Tasalla dole ta nan muka wuce da tulunanmu.

Da muka yi nisa ta ce, "Inna, kalma ɗaya ta ishe ki, a yi mini irin nasa."

"Ke ma, in mun koma."

"Haka ne."

"Gyara tulunki, yana zuba."

Na yi tunanin kalmar nan, ba sau ɗaya ba. Ina da wanda zan faɗa wa, kuma da ba wanda zai ga laifina a unguwar. Amma in na rufe ido sai in ga raƙumi yana durƙusawa a rana. Ban faɗa ba.

Ranar fita takaba aka yi wanka, aka raba ɗan abin sadaka, malamin unguwa ya yi wa Agali addu'ar da ake yi wa matattu. Shi ma ya san gaskiya. Ya zaɓi kalmomin da mai rai ma yana bukatarsu. Sannan aka shimfiɗa tabarma, mata suka kewaye, ni uwa kuma makitsiya na yi mata kitson fita. Ta zauna kamar itace. Na yi mata doka mai kyau, irin ta Olelewa, wadda ban taɓa yi wa kowa kamarta ba. Da na gama ba ta shafa ba.

Komowa ba ta da labari mai yawa. Hanya ɗaya ce, ƙishirwa ɗaya, sai dai yanzu akwai yarinya da ake ba ruwa kafin kowa. A Janat na nemi tsohuwar Falanko, aka ce ubangijinta ya tafi da ita wani lambu mai nisa. A Agadas na ga mai hayar raƙuman nan zaune a inuwa yana nuna wa wani baƙo taguwa fara. Na wuce.

A barikin Tanut aka raba mu. Ni aka fara shigarwa. Kumandan yana zaune yana kaɗa ƙafa, tafinta a tsaye.

"To, Iya. Rijiya."

"Ba ya shan ruwa yanzu. Ya mutu kafin in isa. Na tarar da matarsa cikin takaba, da hannuna na yi mata kitson fita."

"Kin ga kabarin?"

"A daji aka binne shi. Ni kai nake gani, ba kabari ba."

Ya juya wa kumandan maganar. Kumandan ya daina kaɗa ƙafa. Aka fitar da ni, aka zaunar da mu uku a rana, gardi a kanmu, aka shiga da Tasalla. Ta daɗe. Tima ta yi barci a cinyar uwarta. Ni ina kallon ƙofar kason da ke gefen fili, ina tunanin wa zai riƙe yarinyar.

Tafinta ya fito yana gyara hula.

"Allah ya jiƙan musulmi," ya ce. "Ku tafi gida."

Tasalla ta biyo shi tana cewa, "Ɗana fa? Ranka ya daɗe, ɗana fa?" Ya ce mata alkawarin na rijiya ne, ba a kawo rijiya ba. Ta tsaya a filin har gardi ya ce ta matsa.

A hanyar Olelewa ta riske mu, da ƙunshinta a ka. Ta ce ba ta da abin komawa Damagaram. Muka yi tafiya har muka shiga gonaki. Gero ya yi kai, an kusa girbi. Sai ta ce, "Inna, ruwan toka ba ya rufe tsaga."

"Na sani."

"Da kin bari na kwana biyu a zango kafin ki ɗauko ni."

"Da kin mutu a zangon." Na ɗan taka, sannan na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

"Duk sanda raƙumi ya yi kuka a waje sai Mariyama ta dubi ƙofa. In na faɗa, takabar gaske za ta yi, kuma ni na sa ta. Tafinta kuwa na riga ki saninsa. Ko na kawo masa rijiyar da guga, da ya ce igiyar ce ba ta kai ba."

Yanzu damina uku ke nan. Tasalla tana zaune a unguwarmu, na koya mata sana'a, tana ci da ita. Ɗanta bai dawo ba tukuna. An ce an haye da su teku. Na Agali kuwa ba labari, ba na rai, ba na mutuwa, kuma ba wanda za mu tambaya, tunda mu muka ce ya mutu. Maza uku sun aiko neman ɗiyata, har da mai gonaki a Falanko. Ta ce a'a. Mutane suna cewa girman kai ne ta koyo wurin Abzinawa. Ni da ita da Tasalla muka san da aure a kanta.

Ɗiyata tana gaishe ni da safe, tana kawo mini tuwo, tana wanke mini zane. Amma tun ranar fita takaba ba ta sake zama tsakanin ƙafafuna ba. In kanta ya tsufa sai ta ɗauki tsinke da mai ta tafi wurin Tasalla. Daga nan inda nake zaune ina hango tsagar ta karkace, ba na cewa komai.

Tima ce ke zuwa wurina. Gashin ubanta ta ɗauko, mai santsi, ba ya riƙe kitso. In na yi mata yau, jibi ya warware, ta dawo ta zauna, in sake.